An Kulle Ajin Malama Nunzia

Litinin, tsakiyar Afrilu, da yamma

Yau mun tarar da ajin a kulle.

Ni da Mabruka, abokiyar aikina 'yar Tunis, muka fara isa, don mai kai burodi ya rage mana hanya. Malama Nunzia na tsaye a bakin ƙofa da jakarta, tana ta murɗa makulli kamar ba ta san an canja kwado ba. Ta sani. Sai da sauran matan suka taru sannan ta daina.

Ta ce kuɗin shirin sun tsaya. Gwamnati ce ke biyan hayar ɗakin da albashinta da motar da ke mai da mu gona, to tun farkon shekara babu abin da ya sauko, mai ɗakin kuma ya gaji da jira. Wata ta tambaye ta ko an soke shirin ne. Ta ce ba a soke ba. To za a ci gaba? Ta ce ba ta sani ba.

Na leƙa ta taga. Gadon koyo na nan yadda muka bar shi, da mutum-mutumin tsoho na roba da muke juyawa muna yi wa wanka, wanda Mabruka ta raɗa wa suna Don Peppino. An lulluɓe shi har wuya, yana kallon silin.

"Shi dai ya samu ɗaki shi kaɗai," in ji Mabruka. Babu wadda ta yi dariya.

Tun Nuwamba muke wannan aji, koyon kula da tsofaffi da marasa lafiya, na mata 'yan aikin gona zalla. Abin da ya rage mu yi jarrabawa bai kai wata biyu ba. Gidan tsofaffin da ke hanyar teku ya ce duk mai takardar shaida zai ɗauke ta, aikin shekara cur, a tsaye, cikin inuwa. Na haura shekara goma ina durƙuso a rumfunan ledar Sisili, nan Italiya, ina cirar tumatir. Na riga na ga ɗakin da zan kama haya a gari. Ƙasa yake, babu matakala ko ɗaya.

Ƙanena Nelu ya kira daga gida Rumaniya muna hanyar dawowa. Ban ɗauka ba.

Talata, da sassafe

Ciwon bayan nan nawa. Sai da na riƙe ƙarfen gado kafin na miƙe.

Laraba, da tsakar rana

Labari ya kai wa Don Saro, mai gonar. Ya shigo rumfa hannunsa a baya, yana duba tumatir kamar ba mu ya zo nema ba.

"Ina likitocina? An ce an rufe jami'a."

Muka ci gaba da cira.

"To ku ji da kyau. Tashi da wurin nan da kuke yi, da ofis na yi yarjejeniya, ba da ku ba. Ofis ya yi shiru, ni ma na gama. Daga yau sai an tashi kowa ya tashi."

Mabruka ba ta iya riƙe bakinta. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Don Saro, ranar da ka kwanta wa zai juya ka?"

"Ina da 'ya'ya."

"Suna Milano."

Ya daɗe yana kallonta. Daga nan ya mai da mu biyun rumfar ƙarshe, wadda iska ba ta shiga. Na ce mata wata rana bakin nan zai ja mana kwanan titi. Ta ce ai ɗakin ajiyar takin da muke kwana ciki bai fi titi da komai ba sai ƙofa.

Juma'a, da yamma

Mun je ofishin shirin, mu da muka samu fita. Wani mutum mai ladabi ya ba mu kujeru da ruwan sanyi. Ya ce babu wanda ya hana kuɗin, babu kuma wanda ya sa hannu. Ana dubawa. Mun tambayi me ake dubawa. Ya ce wani shiri dabam ne a wani gari aka samu matsala da shi, shi ya sa aka tsai da duka. Mun tambayi yaushe za a gama. Ya buɗe hannuwansa ya kalli sama.

Da za mu fita ya ce mu riƙa leƙowa. Ban ji haushinsa ba. Rigarsa ta koɗe a wuya, shi ma da alama jira yake.

Ban kira gida ba.

Asabar, da hantsi

Malama Nunzia ta aiko saƙo. Duk mai so ta zo gidanta gobe bayan an taso coci. Ta ce ba ta da gado mai ɗagawa, ba ta da roba, amma tana da wanda za mu koya a kansa.

Lahadi, da yamma

Mahaifinta ne. Zu Vanni suke ce masa. Ya haura tamanin, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, amma bakin na nan daram.

Muna shiga ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Nunzia, wannan rundunar fa? Ko na mutu ne ba a gaya mini ba?"

"Ɗalibaina ne, Baba."

"Au. Ni ne roban ke nan."

Bai tsaya koyon sunan kowa ba, da sunan ƙasa yake kiranmu. Ni ce Rumaniya, Mabruka ce Tunis. Ya ce a rayuwarsa mata ba su taɓa yin layi don su taɓa shi ba sai yanzu da babu abin da zai iya yi a kai. Malama ta ce ya yi shiru ko ta hana shi kofi.

Ni aka fara kira. Na yi yadda aka koya mana: ka gaishe da mutum, ka gaya masa abin da za ka yi kafin ka yi, ka lanƙwasa masa gwiwa, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ka jawo shi wajenka. Na yi wa Don Peppino haka ba adadi. Amma roba ba ya numfashi a wuyanka. Ba ya jin kunya. Da na yaye zanen sai tsohon ya kau da kai ya kalli bango, duk surutun ya ɗauke. Jikinsa ba nauyi, kamar kazar da aka fige.

Da na gama ya ce, "Rumaniya, hannunki sanyi kamar na mai sai da kifi. Amma ba ki jefa ni ƙasa ba. Kin fi Nunzia."

Na dawo ina jin daɗi. Ban san rabon da in ji haka ba. Sai da na kwanta abin ya koma mini wani iri.

Talata, da yamma

Aiki. Ƙurar tumatir ta mai da yatsuna baƙi-kore, sabulu ba ya fitarwa sai da lemun tsami. Wa zai yarda irin waɗannan hannuwa su ba uwarsa abinci a baki.

Alhamis, bayan an tashi

Yau ma mun je, a ƙafa, rana ta kusa faɗuwa. Mun ragu. Waɗanda gonarsu ke da nisa ba su da mota.

Darasin gyambon kwanciya aka yi. Malama ta ce idan mutum ya daɗe a ɓari ɗaya ba a juya shi, fata kan yi ja a ƙugu da diddige da ƙashin baya. Daga ja sai ta buɗe. Idan ta buɗe cikin ya fi wajen girma. Ta ce yawanci 'yan gida ba sa lura sai wari ya gaya musu.

Na fita tsakar gida. Suna da bishiyar lemu a cikin tukunya. Na tsaya ina kallonta har aka gama.

Mabruka ta tambaye ni a hanya me ya faru. Na ce fitsari ne ya matse ni.

Asabar, da tsakar rana

Na ɗauki wayar Nelu, don ya kira ina cikin mutane, na ji kunyar kashewa.

"Yaya, ashe kina raye."

Na ce aiki ne.

"Kullum aiki ne. Ki saurare ni, ba wani abu nake roƙo ba. An kira ni aikin gini a Jamus, farkon Yuni. Matata ma an samar mata wanke-wanke a can. Na ƙi na bara, na ƙi na hunturu, wannan ba zan ƙi ba. Yara suna girma."

Na ce ya ƙara mini haƙuri, takardar ta kusa.

"Tun Fabrairu take kusa."

Mama ta zame a kan ƙanƙara a bakin rijiya cikin Fabrairu, ƙugunta ya karye, tun lokacin ba ta tashi ba. Na rubuta ke nan. Ba zan ƙara rubutawa ba.

Litinin, da sassafe

Ruwa babu a tanki. Da na kwalba muka wanke fuska.

Alhamis, da yamma

An sake zuwa ofis. Ban je ba. Waɗanda suka je sun ce ana dubawa.

Lahadin Ista ta cocin ƙasarmu, farkon Mayu, da rana

Na dafa ƙwai da ɓawon albasa suka yi ja, na tuƙa mamaliga, tuwon ƙasarmu, da garin masarar da na ɓoye. Mabruka ba bikinta ba ne, amma ta ci tuwon da barkononta na Tunis, muka yi wasan karon ƙwai ta fasa mini uku, ta ce addinina ya fi sauƙi a wajen wasa.

Bayan coci na kira gida ta bidiyo. Matar Nelu ta riƙe wayar. Ta nuna mini tebur, ta nuna mini yara da sababbin takalma, ta nuna mini itacen tuffa ya yi fure. Na ce ta shiga ɗakin Mama. Ta ce barci take yi. Na ce ta shiga.

Fuska kawai ta nuna mini. An ja bargo har haɓa, ga shi ba a sanyi. An buɗe tagogi duka biyun.

Na ce Almasihu ya tashi, Mama. Ta amsa yadda ake amsawa, idonta na kan bango.

Na cinye ragowar tuwon a tsaye. Ban san me ya sa ba, ba na jin yunwa.

Talata, da tsakar rana

Iskar Afirka ta taso. Cikin rumfa kamar bakin tanda. Ledar na ɗiga a wuyanmu.

Laraba, bayan an tashi

Zu Vanni ya ƙi cin abinci a hannun 'yarsa, ya ce Tunis ce za ta ba shi. Mabruka na ba shi taliya da cokali tana masa waƙar garinsu, shi yana gyara mata kamar ya san kalmomin. Malama ta ce mata ta rage sauri, ta jira ya haɗiye, ta dubi maƙogwaro ba baki ba. A cikinmu duka Mabruka ta fi iyawa. Ni ina yin abin da aka ce ne. Ita kuwa tsohon har mantawa yake cewa aiki ake yi a kansa.

Malama ta rame. Na ga tana lissafin magungunan uban tana mai da wasu cikin kwali. Ban tambaya ba.

Juma'a, da yamma

Mabruka ta je gidan tsofaffin ita kaɗai, ba ta gaya mini ba sai da ta dawo. Takardar zamanta ta aikin kaka ce, ƙarshen wannan watan za ta mutu. Ni ƙasata na cikin Tarayyar Turai, babu mai korata. Ita kuwa sai da aikin shekara za a sabunta mata.

Ta ce ta roƙi shugabar su gwada ta mako ɗaya kyauta. Matar ta ce ta yarda ta iya, amma doka ba ta san iyawa ba, takarda ta sani. Har ta raka ta bakin ƙofa.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi, Zamfira? Wurin yana da sanyi. Na tsaya a zauren kamar ina gyara takalmi don in ƙara shan iskar."

Na ce ƙila kuɗin su sauko kafin ƙarshen wata.

"Ke ma kin zama ofis ke nan."

'Ya'yanta mata biyu na wajen surukarta a Kairouan, can ƙasarsu. Babbar za ta shiga sakandare. Komawa hannu wofi ba ya cikin abin da take tunani.

Asabar, da sassafe

Ban kira ba. Bai kira ba.

Litinin, da rana

Mabruka ta tafi.

Na farka na ga ta riga ta ɗaure kayanta. Wani mai farar mota ne ke kwasar mutane zuwa gonakin Puglia a ƙetaren ruwa, can ba a tambayar takarda. Mun san irin motocin nan. Mun san irin masaukin da suke kai mutane. Na ce mata ta tsaya, ko mako ɗaya ne.

"In tsaya in jira 'yan sanda su zo su taya ni jira?"

Ta sumbace ni a kumatu biyu, ta ce in gaishe da tsohon, in ce masa Tunis ta yi aure. Na raka ta har bakin titi. Motar ba ta da taga a baya. Da suka buɗe na ga mutane zaune a kan akwatunan roba, babu wanda ya ɗago.

Don Saro ya tambayi ina mai bakin. Na ce ta tafi. Ya ce to in haɗa layinta da nawa.

Laraba, da yamma

Wayarta a kashe.

Alhamis, bayan an tashi

Ni kaɗai na je. Malama ta fita karɓo magani, ta bar ni da Zu Vanni.

Na gaya masa saƙon. Ya ce, "Ƙarya ne. Wa zai auri wannan bakin." Sannan ya ce, "Farar mota?" Na ce e. Bai ƙara tambaya ba.

Ina goge masa baya da ruwan ɗumi ya fara ba ni labarin Jamus. Ashe shi ma ya yi ci-rani, yana saurayi, a masana'antar ƙarfe. Su takwas a ɗaki, gado hawa-hawa. Ya ce Jamusawa kan kira su 'yan taliya, a wasu shaguna ma ba a barinsu su shiga. Ya ce yanzu jikokin waɗanda suka kwana a ɗakin nan su ne ke zagin irinmu a kasuwa.

Can sai ya ce, "Rumaniya, uwarki na da rai?"

Na ce e.

"Tana tafiya da ƙafarta?"

Na matse tsumman. Na sake matsewa, ba ruwa a ciki.

"To wa ke yi mata wannan da kike yi mini?"

Na ce akwai matar ƙanena. Na ce ina jiran takarda ne, in na samu aikin zan kama ɗaki a gari in ɗauko ta, ɗakin ma babu matakala. Na yi ta magana. Ya bar ni har na ƙare.

"Ni ma jiran ƙarshen kwangila na yi," in ji shi. "Da na iso uwata ta rasu, har an riga an yi addu'ar wata ɗaya. Kin san ko kashe ni za a yi ba zan iya gaya miki abin da na ƙera a watan nan ba? Ƙarfe ne dai. Rufe ni, ina jin sanyi."

Na rufe shi. Na wanke kwanon. Malama ta dawo ta ce lafiya na ga idonki haka, na ce sabulu ne.

Juma'a, da tsakar rana

Tsohon banza. Ina ruwansa.

Asabar, da yamma

Ba takardar kaɗai ke hana ni komawa gida ba. Na san ba ita kaɗai ba ce. Uwar da na bari tana saran itace da gatari tana zagin awakin maƙwabta. Ita nake so in tarar.

Talata, da yamma

An fara tuge tumatir a rumfunan gaba. Kaka ta zo ƙarshe. Maza na tara busassun rassa da tsohuwar leda suna ƙonawa a bayan gona, hayaƙin baƙi, har cikin abinci.

Wayar Mabruka a kashe har yanzu. Na kira wata 'yar ƙasarsu da ke gonar kusa, ta ce ba ta ji komai ba, amma rashin labari ba laifi ba ne. Haka dai ta ce.

Alhamis, ƙarshen Mayu, da yamma

Kuɗin sun sauko.

Malama Nunzia ce ta zo har gona da tsohuwar motarta ta gaya mini. Ba ta fito ba, ta sauke gilashi kawai. Ta ce an gama dubawa, ba a samu komai a namu shirin ba. Amma shekarar kasafi ta wuce, abin da muka yi ba ya ƙirguwa, don an yanke karatun a tsakiya. Za a buɗe sabon aji cikin Oktoba. Daga farko. Da sababbin sunaye, duk da cewa tsofaffin ɗalibai za su iya sake nema.

Na tambaye ta ko ita za ta koyar. Ta ce ta karɓi aikin dare a wani asibiti, ba za ta iya sake jira ba.

Na yi dariya. Ban so ba, ita ta zo da kanta. Malama ta kifa kanta a kan sitiyari. Ni da aka ɓata wa wata bakwai, ni ce na koma ba ta haƙuri ta taga.

Na kira Nelu. Na ce ina zuwa. Ya ce, "Ki taho da safar hannu, Yaya. Da yawa."

Lahadi, da rana

Na je sallama.

Malama ta ce tunda na zo sai na yi jarrabawar. Ta zauna a kujera da hannu a harɗe, na yi komai daga farko har ƙarshe: wanka a gado, canja zane mutum na kwance, juyi, duba fata, abinci. Ta yi mini tambayoyi na amsa. Da na gama ta ce, "Da ni ce gwamnati, kin ci."

"Da ke ce gwamnati da tuni an kulle ƙasar," in ji Zu Vanni.

Ta cika mini jaka da safar hannu da man shafawa da bandeji da zanen da ake jan mara lafiya da shi. Na san daga kayan ubanta ta ɗiba. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce kar in ɓata mata lokaci.

Na sunkuya in gaishe shi. Ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Zamfira," ya ce. Ashe ya sani. "Ki ɗumama hannunki kafin ki taɓa ta."

Don Saro bai hana ni ba. Ya ce dama kaka ta ƙare, in na dawo Oktoba akwai wuri. Bai tambayi dalili ba.

Talata, da hantsi, cikin bas

Mun ƙetare ruwa a Messina. Bas cike da mata irina, kowace da jakar leda, hannu dafe da baya. Ta kusa da ni shekara shida tana kula da wata tsohuwa a Catania, tsohuwar ta mutu ranar Juma'a, 'ya'yan suka ba ta zuwa Litinin ta kwashe kayanta. Ba ta da takardar komai. Ta ce wa ke tambayar takarda a cikin gida.

Da muka bi ta Puglia na yi ta kallon gonaki. Mutane a durƙushe, daga nesa duk ɗaya suke.

Alhamis, da yamma, gida

Na iso. Nelu ya tsufa. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa tana kuka tana cewa ta yi iya ƙoƙarinta, ba wanda ya nuna mata, da yara, da saniya, kuma Mama na ihu in an taɓa ta. Na wuce ciki.

Tun daga zaure na ji warin.

Ba zan rubuta abin da na gani a ƙarƙashin bargon ba. Gobe likita zai zo daga birnin Botoshani. Jibi su Nelu za su tafi.

Juma'a, da safe

Na hura wuta na ɗora ruwa. Na riƙe hannuwana a jikin tukunya har suka yi ɗumi. Na shiga na gaishe ta, na ce zan yi mata wanka, zan fara da fuska. Ta bar ni. Na ce zan juya ta, zan lanƙwasa gwiwar ɓarin da bai karye ba, ta riƙe wuyana. Ta riƙe. Ba ta yi ihu ba. Nelu na tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya fita.

Ina wanke mata baya ta ce, "Ke ce wadda asibiti suka aiko?"

Na ce, Mama.

"Kin iya. Waɗancan ja suke yi kamar buhu. A ina kika koya?"

Na ce a Italiya.

Ta yi ƙoƙarin waiwayowa. "'Yata na can. Zamfira. Doguwa ce, ta fi ki jiki. Karatu take yi, gwamnatinsu ce ta sa ta a makaranta. In ta gama za ta zo ta ɗauke ni, ta kama ɗaki. Ba ki gamu da ita ba?"

Na ce ƙasar da girma.

"Haka ne. Ba ta cika kira ba, amma ba laifinta ba ne, karatun da wuya." Na shafa mata mai a kafaɗa. Can ta ce in gaya mata sunana, don in 'yarta ta zo ta faɗa mata wadda ta kula da ita.

Na ce sai na gama. Ruwan ya fara hucewa, ga ƙafafu ban taɓa ba.